Layi Huɗu na Mai Zuwa

Ranar Talatar makon jiya aka yi ruwan shuka a Isa. Ina tsaye gaban allo da hantsi hadari ya taso daga gabas, aji ya yi duhu har na daina ganin rubutun hannuna, sai kwanon rufi ya ɗauki ƙara. Na ajiye alli, don ko na yi magana ba mai ji na. Da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, wallahi sai da diddigena na dama ya motsa da kansa, irin motsin nan na rufe ramin shuka. Damina ta uku ke nan ban taka gona ba.

Na riga na yi ritaya. Amma tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga garinmu, can hanyar Gatawa, muka zo muka raɓa a nan, zaman banza ya ishe ni. Sai na roƙi a ba ni aji guda na yaran da suka yi gudun hijira irina, 'yan ƙaramar sakandare. Darasin satin nan shugabannin ƙasa ne, na da da masu neman hawa, tunda hotunan 'yan takara sun fara cika bangayen gari. Na jera sunaye a allo, yara suna kwafa kamar masu kwafar lambar waya. Ko ɗaya bai tambaye ni komai ba.

Da ruwa ya ɗauke na tarar da wata mata tsaye a baranda, mayafinta ya jiƙe sharkaf. Hassi ce, uwar Sani, ɗaya daga cikin yaran ajin. Ita ma ni na koyar da ita, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta fiddo wani gwangwanin madara daga cikin mayafi, ta buɗe ta miƙo mini. Gero ne cakuɗe da rairayi, yadda mata ke adana iri don kada ƙwari su ci. Na ɗebo kaɗan na baza a tafin hannu, ƙwaya mai kauri, ruwan toka.

"Malam, ka gane shi?"

"Geron zango ne, na kakarki Inna Tumba," na ce.

"Shi na. Shi kaɗai na ɗauko ranar da munka gudu, shi da ɗiyana. Damina biyu bai ga ƙasa ba, wagga ita ta ta uku, kuma ban san kowa da ya tsira da nashi ba. Baban Sani ya ce a jira sai mun koma gida, kar a zuba shi cikin gari awaki su cinye. Ni kuwa na san iri in ya daɗe mutuwa yake yi. Shi ne na ce bari in tambayi Malam." Ta ɗago ta dube ni, tana danne dariya. "A jira, ko a shuka?"

Ja'ira! Har ta fara furfura ba ta bar tsiya ba. Ta san sarai abin da ta tono.

A waccan shekara ina sabon malami, wata bakwai da aure, a ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu. Daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba, don haka tun tsakiyar bazara rumbuna suka fara amsa amo in an ƙwanƙwasa. Zafi kuwa ba a magana. Kafin ƙarfe goma kwanon aji ya fara tsattsagewa da ƙara, benci ya yi zafi, ruwan tulu ya koma kamar na wanka. Yara na zuwa da farau-farau a ciki, wasu ko shi babu. Da rana ta take sai ka ga kawuna na sauka kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kuma ba barcin lalaci ba ne.

A haka aka ce in koya musu shugabannin ƙasa tun daga samun 'yancin kai, don zai fito a jarrabawa. Kuma a shekarar ne soja suka yi alkawarin miƙa mulki. Jam'iyya biyu, 'yan takara biyu, zaɓe a farkon damina. Ni ban taɓa jefa wa shugaban ƙasa ƙuri'a ba, abin yana cina kamar zazzaɓi. Ba za ni kama sunan kowa a nan ba, kowa ya san su, kuma bakin tsoho ɗan gudun hijira gara ya yi hattara.

Sati uku ina fama. In ce su maimaita, su maimaita, washegari su dagula. Ɗanjimma, monitan aji, wanda nake taƙama da shi, ya taɓa ɗauko na farko ya sa shi bayan na biyar, ya kuma ba wani marigayi mulki sau biyu. Rannan na yi ta faɗa har murya ta dushe. Da aka tashi tara na fito in sha iska ƙarƙashin bedin da ke ƙofar makaranta, wato darbejiya, inda Inna Tumba, kakar Hassi, take zama da faifan ƙuli-ƙulinta.

"Malam ƙarami," ta ce, don haka take kirana, "mi yaran ga sunka yi maka kake ta tsawa awa hadarin da ba ruwa?"

Na ce, "Inna, suna takwas kawai, sun gagare su."

"Yaran da in ka kai su jigawa za su nuna maka inda layin ubansu ya ƙare na maƙwabci ya fara, tun shuka ba ta fito ba? Su ne suna takwas zai gagara? Kai dai ba ka iya tambaya ba."

Na yi dariyar yaƙe na koma aji. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni.

Makarantar tana da gona a bayan azuzuwa, ta fara daga tudu ta gangara zuwa wani ɗan kwari inda laima ke kwanciya. Na nemi izinin shugaban makaranta, ya ce in dai ba kuɗi za ni tambaya ba, in yi yadda na ga dama. Muka share ta da yara, muka ƙone kara, muka ja igiya. Na ce kowace shekara ta mulki layi guda ce. Wanda ya yi shekara tara, layi tara. Wanda ya yi wata shida, rabin layi. Nan take yaran da ke barci a aji suka farka, har da gardama kan inda rabi ya tsaya.

Su suka kawo maganar iri, ba ni ba. Ɗanjimma ya ce bai kamata a shuka wa soja da farar hula abu ɗaya ba. Na ce to, wa za a ba me? Hassi, ɗaya daga cikin 'yan mata uku kacal da ke ajin, ta ce, "Soja dawa, Malam. Ita ta ba ta barin gona da wuri." Aka fashe da dariya, aka tsaya a kan haka. Da muka gama kafa turaku, wani yaro ya hau tudu ya dubi gonar daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai! Malam, ashe ƙasarmu gonar dawa ce." Layukan gero ba su wuce goma ba, a wuri biyu, dawa ta kewaye su.

Can ƙasa, cikin kwarin, wuri mafi kyau a duk gonar, muka bar layi huɗu. Na mai zuwa. Ko wanne ya ci cikin biyun, farar hula ne, don haka gero za a sa. Da Inna Tumba ta ji labari wurin jikarta, sai ga ta da gora, an toshe bakin da tsumma. Rabin irinta ne. Zango ne da ta gada wurin uwarta, zangarniyarsa ta fi hannun babban mutum tsawo, kuma a garin ita kaɗai ta rage da shi tsantsa.

"Shugaban ƙasa dai ba a ba shi irin kasuwa," ta ce.

Na karɓa da hannu biyu. A gaban aji na kafa doka, ina ji da kaina: ba za a zuba ƙwaya ɗaya a layukan nan ba sai an yi zaɓe, an ƙirga, an sanar. Na ce ɗan takara ɗan takara ne, bai zama shugaba ba sai jama'a sun ce, kuma in jama'a suka ce, aka ƙirga, aka sanar, ba mai ikon sokewa. Na sa suka rubuta wannan a littafi, suka ja layi a ƙarƙashi. Goran kuwa na kai shi ɗakina na rataye a ƙusa, saman gado.

Ruwan farko ya sauka da la'asar wata Lahadi. Washegari gari ya watse zuwa gona, mu ma da sassafe muka yi tamu kafin yara su bi iyayensu. Manyan yara a gaba da sungumi suna sara, ƙanana a baya suna zuba iri suna takewa da diddige, ƙasa na da sanyi a tafin ƙafa. Duk wanda ya shiga layi sai ya kira sunan mai layin da ƙarfi. Kafin hantsi har ɗan autan aji yana iya bin gonar daga tudu zuwa kwari yana jero su, ya ce wannan ta bindiga ya hau, wannan ta akwati, wannan a kan mulki ya rasu. In ya iso layi huɗun nan sai ya tsaya ya ɗaga kafaɗa.

'Yan takarar kuma na yanko hotunansu daga jaridar da mai tsire ya naɗe mini nama, duk maiƙo ya ɓata wa ɗaya kunne. Na karanta musu alkawuran kowa. Tambayarsu ɗaya ce: wanne ne zai kawo taki? Muka yi zaɓen gwaji a filin makaranta irin yadda aka saba a lokacin, a kafa hoto, kowa ya bi layin wanda yake so, a ƙirga kawuna a fili, monita ya hau benci ya sanar. Da ranar zaɓen gaskiya ta zo na sa rigar aurena na tafi. Na dawo ina ta kallon tawadar da ke ɗan yatsana, ban yarda na wanke hannu da sabulu ba.

Daga nan sama ta rufe bakinta.

Kwana biyar, bakwai, goma. Shuka ta fito kore shar, ta tsaya, ta fara nannaɗe ganye. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso da rairayi ta watsa shi, ta binne 'yar shukar da ta rage. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, manya da yara, rana na dukan ƙeya. A gida aka koma cin abinci sau ɗaya. Matata Rabi, da cikinta na fari, takan jiƙa garin rogo ta marmasa ƙuli-ƙuli guda a kai, mu ci da azahar, da yamma kuma kunun dusa da kanwa. 'Yan matan Fulani da ke kawo nono suka daina zuwa, shanu ba su da abin ba da shi. Mata na bin bakin rafi suna tsinkar tafasar da ba ta gama buɗe ganye ba.

Ni kuwa ina manne da rediyo. In batir ya yi sanyi in shanya shi a rana, in mayar. Aka fara jin sakamako jiha-jiha, sai aka ji shiru. Aka ce an dakatar. Bayan 'yan kwanaki aka ce an soke. Na kashe rediyon na kunna, kamar shi ne ya yi kuskure.

Rabi takan kwanta da rana tana kallon goran nan a ƙusa. Wata rana ta ce, "Malam, hatsin da ke gidan ga duka shi ke nan, shi ma na shugaban ƙasa ne." Ta yi dariya, ni ma na yi. Ba ta taɓa cewa a sauke shi ba, Allah ya jiƙanta, ta san iri ba abinci ba ne.

Kusan sati uku sannan ruwa ya dawo, ranar wata Laraba da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fice daga aji ba izini, suna tsalle a cikinsa, ban hana su ba. Amma shukar tudu duk ta mutu, sai sabuwa. Mutane suka sayar da akuya, da tabarma, da abin da ya samu, suka sayo irin da 'yan kasuwa ke shigowa da shi daga Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar, ba wanda ya san asalinsa. Mu ma muka sake shuka layukan shugabannin da suka wuce da ɗan abin da shugaban makaranta ya samo. Layi huɗun kwari na bar su fayau.

Kwana biyu bayan ruwan Inna Tumba ta zo har gida. Ta ƙi shiga, ta tsaya a zaure.

"Malam ƙarami, zangona na tudu ya ƙone ƙurmus. Ko tushe ɗaya bai tashi ba. Abin da ke cikin goran ga shi na ƙarshe."

"Na sani, Inna."

"Ban zo karɓa ba. Gonata rairayi ta, ban yarda da ita ba bana. Kwarinku ya fi riƙe laima. Ka shuka shi."

Na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri kwana biyu. An ce magana na kotu. In na shuka yanzu, me na koya wa yaran nan? Layin wa za ni ce musu?"

"Zango ba ya son makara," ta ce. "In sati ya wuce, ko ka shuka kara za ka samu."

Na san gaskiya ta faɗa. Ɗan manomi ne ni, ba sai an gaya mini ba. Amma a raina gani nake in na zuba irin nan ba tare da an sanar ba, na yarda ke nan cewa ƙuri'ata ta tafi a banza. Taurin kai ne, da ƙuruciya, da baƙin ciki, duk a haɗe. Washegari da na wuce ƙarƙashin bedi, Inna ta ce, "Ina kwana, Malam," cikin ladabi, ba ƙarami, ba zolaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ƙara ruwa. Ranar kasuwar Sabon Birni na bar wa yara aiki a allo, na ari keke na tafi sayen batir, in kuma ji ko direbobin tasha sun zo da wani labari daga Sakkwato. Kowa da tasa, ba guda mai kamawa. Na dawo da yamma ƙafa duk taɓo. Abin da na fara yi, na ɗaga hannu na girgiza goran. Yana nan da nauyinsa, yana ƙara yadda ya saba.

Kwana huɗu bayan haka na zagaya gona da safe in duba ciyawa. Da na gangara kwari sai na ga wasu korayen tsinke-tsinke sun huda ƙasa. Na ce gyauro ne, irin bara da ya zube. Na matsa. Gyauro ba ya bin igiya. Layi huɗu ne cur, kuma tazarar ramukan takun yara ce.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Na fizgo goran, na zare tsumma, na karkata a hannu. Rairayi ne, tsabarsa, an ma tankaɗe shi. Kwana huɗu ina gadin rairayi, ina girgiza shi safe da yamma! Rabi tana tsakar gida ta juya mini baya tana wanke tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba, kafaɗunta na rawa don dariya, ashe da saninta aka yi.

Na shiga aji da dorina a hannu. Na dangwarar da goran a tebur na ce wa ya aikata. Sai Ɗanjimma ya miƙe. Hassi ma ta miƙe a bayansa, ita ta fara magana.

"Malam, ba sata munka yi ba. Zaɓe munka yi."

"Zaɓen me?"

"Ranar da ka tafi kasuwa. Munka kafa turke biyu, ɗaya a jira, ɗaya a shuka. Kowa ya bi layi. Monita ya ƙirga."

Na juya ga Ɗanjimma. Da ƙyar ya ce, "A shuka, ashirin da tara, Malam."

"A jira fa?"

"Ɗaya."

"Wane ne?"

"Kai ne, Malam. Ba ka nan, sai munka ɗauko kujerarka ta tsaya maka. Mun ƙirga ta, wallahi ba mu cuce ka ba."

Hassi ta buɗe littafinta ta juyo mini shi, ga maganata da layi a ƙarƙashi. "Ya hau benci ya sanar," ta ce. "Kai ka ce in an ƙirga an sanar, ba mai ikon sokewa."

Dorinar ta yi mini nauyi a hannu. Na ajiye ta, na ce su ci gaba da karatu, na fita na zagaya bayan aji. Tun ranar da rediyo ya faɗi maganar nan ban yi kuka ba, sai a nan. Na yi mai isata, na share fuska da hular kaina. Da na fito ta ƙofar makaranta Inna Tumba ta miƙo mini ƙuli-ƙuli biyu ba ta dube ni ba, ta ce, "Ungo, Malam ƙarami, ka rame."

Sauran daminar ta zo da sauƙi, ko da yake yunwa ba ta sake mu ba sai da gero ya nuna. Muka yi noman fari, muka yi cira, muka yi maimai cikin marka, riguna ba sa bushewa. Layukan tudu suka yi daidai gwargwado. Na kwari kuwa, tsaya ka gani! Kara ya fi ni tsawo, zangarniya kamar sandar makiyayi. Yara suka raba kwana suna korar tsuntsu da gwangwani. Ranar da muka gasa tumun farko, Rabi na zaune da jaririya a cinya tana murza tana hurawa, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har yau. Inna Tumba ta zo da kanta ta zaɓi zangarniyar iri, ta ba kowane yaro ɗaya ya kai gida. Bayan 'yan shekaru rabin garin zangonta suke shukawa.

Kafin a yanke dawa an sake shugaba sau biyu, na biyun kuma mai kaki ne. Layi huɗun nan ba su taɓa samun mai su ba. Sunan dai ya bi wurin, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suna cewa an kai awaki gonar Mai Zuwa. A jarrabawa kuwa ina zagaya aji na ga ƙafafu na motsi ƙarƙashin tebur, suna bin layi. Ba wanda ya faɗi tambayar.

Ina kewar wannan shekara, da yunwarta da komai. Ina kewar bedin nan, da ƙarar sungumi da safe, da Rabi, da Inna da ke kwance a maƙabartar da ba mu iya kai mata ziyara. Ɗanjimma yana cikin waɗanda aka tare a hanyar gona shekarar da muka taso, bai dawo ba. A wancan lokacin gona na hannunmu muna kallon sama. Bana ga ruwa ya sauka, gona kuma tana can, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ciyawa na cin ta.

Duk wannan ya bi ta raina ina tsaye a baranda da gwangwanin Hassi a hannu. Kuma na gane abin da ke ran mijinta, don shi ne a nawa. Ba awaki yake tsoro ba. In aka shuka irin nan a Isa, an yarda ke nan bana ma ba za a koma ba.

"Malam, ka yi shiru," ta ce.

Na ce, "Wancan karon kujera ta tsaya mini. Yau ina nan da ƙafata. Ki aiki Sani ya aro sungumi."

Bayan ajin akwai wani ɗan fili tsakanin bango da katanga, inda ruwan indararo ke zuba. Yara suka kwashe leda da fasassun kwalabe, suka sare ƙaya suka toshe ɓarakar da awaki ke bi. Muka ja igiya. Ban shirya ba, Allah ne shaida, layi huɗu wurin ya ɗauka, gajeru. Hassi ta tankaɗe irin a gefen mayafinta, bai cika tafi biyu ba. Na sara, yara na zubawa, wasunsu ba su ma iya takewa ba, don sun bar gida tun ba su kai shiga gona ba. Na cire takalmi na nuna musu. Wata yarinya ta tambaya ko layukan na 'yan takarar da ke allo ne, wanne ne na wa. Karo na farko ke nan da wani ya yi mini tambaya a satin. Na ce ta bari sai gobe, labari ne mai tsawo.

Da muka gama Hassi ta tattara rairayin da ta tankaɗe, ta mayar cikin gwangwani, ta rufe, ta miƙo mini.

"Ga naka, Malam. Wannan karon na faɗa maka tun da wuri, rairayi ne." Ta yi dariya, sannan ta nuna gwangwanin. "Daga gonar Mai Zuwa na ɗebo shi, shekarar ƙarshe da munka yi girbi."

Yau da safe na leƙa bayan aji. Ya huda ƙasa, ba duka ba, rami biyu cikin uku, amma ya fito. Na aika Sani ya gaya wa uwarsa da gudu. Gwangwanin kuwa na ɗaura masa igiya na rataye a ƙusa, saman tabarmata, a ɗakin da aka ara mana. Na san abin da ke ciki, amma kullum in na shigo sai na ɗaga hannu na girgiza shi.